Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Yadda Za Ka Zaɓi Jami'a, da Yadda Ake Zama a Ƙaramar Makaranta

Shekara biyu na yi a gida bayan na gama sakandare, kuma ba faɗuwa jarrabawa na yi ba. Duk shekara sai in je cibiyar rijistar JAMB in ce a cike mini likitanci a wata babbar jami'a da na ƙwallafa rai a kanta, duk shekara kuma sai sunaye su fito babu nawa. Makina bai yi muni ba, amma bai kai na likitanci ba, abin da kowa ya sani ke nan ban da ni. A shekara ta uku kawuna, wanda tsohon malamin makaranta ne, ya aika aka kira ni. Na same shi a zaure yana gyaran rediyonsa, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Kai yaro, karatu kake so ko sunan makaranta?"

Na ce, "Kawu, ai duka biyun."

Ya ce, "To duka biyun ne suka zaunar da kai. Hangen Dala ba shiga birni ba ne."

A wannan shekarar na cike wata ƙaramar jami'ar tarayya, a garin da ban taɓa takawa ba, na kuma canza kwas. Abin da zan faɗa a nan, ƙanena da ƙanwata, shi ne abin da na so a ce an faɗa mini tun ina aji shida, bi da bi, tun daga zaɓen makaranta har zuwa zama a cikinta.

Fara da takardar da ke hannunka

Kafin ka ambaci sunan kowace jami'a, ɗauko sakamakonka na WAEC ko NECO ko NABTEB ko NBAIS ka shimfiɗa a gabanka. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kiredit biyar, har da Ingilishi, da kuma Lissafi a kwasa-kwasan kimiyya da fasaha da zamantakewa, a zama ɗaya ko biyu. Kwasa-kwasan da ake rububinsu irin likitanci, makarantu da yawa zama ɗaya kawai suke karɓa. Kuma ba kowane kiredit biyar ba, sai waɗanda suka dace da kwas ɗin. Wanda ke son lauya ba shi da Adabin Ingilishi zai sha wahala a makarantu da dama. Wanda ke son injiniya da D7 a Fizik, gara ya sake zama tun yanzu.

Daga nan sai darussa huɗu da za ka rubuta a jarrabawar JAMB. Ingilishi dole ne, sauran ukun kwas ne ke zaɓa maka su. Likitanci: Fizik, Kemistiri, Bayoloji. Injiniya: Lissafi, Fizik, Kemistiri. Duk shekara akwai yaran da ke cin maki mai kyau su rasa gurbi saboda sun haɗa darussan da ba su dace ba, wani lokacin ma mai cike musu fom ne ya zaɓa musu don layi ya yi tsawo. JAMB na da kundin ƙa'idoji a shafinta na intanet mai nuna abin da kowace makaranta ke buƙata a kowane kwas. Ka karanta da kanka, ka rubuta a takarda, ka tafi da ita ranar rijista.

Yadda ake rabon gurbi

Wannan ne abin da ban gane ba tsawon shekara biyu. Jarrabawar maki 400 ce. Kowace shekara JAMB na zama da shugabannin makarantu a tsayar da mafi ƙarancin makin shiga jami'a. A 2025 an tsayar da 150. Amma wannan makin bakin ƙofa ne kawai. Kowace jami'a na da nata, kowane sashe kuma na da nasa, kuma tsakanin makin bakin ƙofa da makin da zai ba ka likitanci ko lauya ko aikin jinya akwai tafiya mai nisa.

A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na gurabe na waɗanda suka fi maki ne daga ko'ina a ƙasa, kashi 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da makarantar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimi, kuma galibin jihohin Arewa na cikin wannan jerin. Ma'ana, makarantar da jiharku ke cikin yankinta ta buɗe maka ƙofa fiye da ɗaya. Jami'ar jiha kuwa 'yan jiha take fifitawa, a gurbi da kuma kuɗin makaranta.

Abu na biyu: a fom akwai zaɓi na ɗaya da na biyu, amma kada wannan ya ruɗe ka. Yawancin jami'o'i ba sa waiwayar wanda bai sa su a zaɓi na ɗaya ba. Don haka zaɓin farko shi ne zaɓin.

Yanzu duba yadda cunkoson yake. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 1962 take, Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri duk tushensu na jami'a na komawa 1975. Sun yi suna, iyayenmu su suka sani, shi ya sa kowa can yake nufa, har daga Kudu. Amma a 2011 gwamnatin tarayya ta kafa sababbin jami'o'i tara, shida a Arewa: Dutse, Dutsin-Ma, Kashere, Lafiya, Lakwaja da Wukari. A 2013 aka ƙara Gusau, Gashuwa da Birnin Kebbi. Ga kuma na jihohi da ke ƙananan garuruwa: Wudil, Aliero, Gadau, Kafin Hausa. Makin da zai sa ka zama na ɗari biyar a layin wani sashe a Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, shi ne zai iya sa ka cikin na gaba-gaba a ɗaya daga cikin waɗannan. Digirin kuma, in dai kwas ɗin na da amincewar hukuma, da shi za ka tafi bautar ƙasa, da shi za ka nemi aiki ko digiri na biyu, daidai da na kowa.

Ban ce kada ka nemi babbar jami'a ba. In makinka ya kai, bismilla. Abin da nake cewa shi ne ka auna makinka da na waɗanda suka shiga wannan sashen bara, ba da burinka ba. In sakamako ya fito ka ga bai kai ba, akwai damar canza makaranta ko kwas a JAMB da kuɗi kaɗan. Ka yi da wuri, kafin makarantar da kake son komawa ta rufe tantancewa. In kuma shekarar ta kuɓuce, kada ka zauna: IJMB, karatun share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, ko NCE, ko difloma, duk suna kai mutum aji biyu kai tsaye.

Bincika kwas ɗin, ba makarantar kawai ba

A nan ne ƙananan makarantu ke da rauni, kuma ba zan ɓoye maka ba. Hukumar kula da jami'o'i, NUC, kwas-kwas take bi tana tantancewa, ba makaranta ɗungurungum ba. Wani kwas na da cikakkiyar amincewa, wani ta wucin gadi, wani an hana shi. Bayan NUC kuma akwai hukumomin sana'a: MDCN ga likitoci, COREN ga injiniyoyi, majalisar ilimin lauya ga masu karanta shari'a, majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ga 'yan nas. Sabuwar jami'a na iya buɗe sashe ta ɗauki ɗalibai alhali hukumar sana'ar ba ta kammala amincewa ba, sai ɗalibai su kai ƙarshe su tsaya cak suna jira. Tambaya ɗaya za ta warware maka: sashen nan ya taɓa yaye ɗalibai? Ina suke yanzu?

A ganina, kwasa-kwasan da allo da littafi da malami nagari suka wadatar, kamar Lissafi, Tattalin Arziki, Tarihi, harsuna, Ilimi, Kimiyyar Siyasa, ba ka rasa komai ba don ka karanta su a ƙaramar makaranta, kana ma iya cin riba. Amma kwas mai buƙatar manyan injuna ko asibitin koyarwa, sai ka yi bincike sau biyu.

Zuwa da kai ya fi aike

Wannan matakin kusan babu mai yin sa, kuma shi ya fi kowanne amfani. Kafin ka tsayar da makaranta, ka tara kuɗin mota ka je. Ka je ranar da ake karatu, ba lokacin hutu ba. Hoton ƙofar makaranta da ake yaɗawa a Facebook ba ya nuna maka banɗaki.

In ka je, kada ka tsaya a ofis. Nemi wurin mai shayi ko mai awara da ke kusa da ɗakunan kwana, ka sayi wani abu, ka zauna kusa da ɗalibin aji uku. Ɗan aji ɗaya bai san komai ba tukuna, ɗan ajin ƙarshe kuma hankalinsa ya riga ya bar garin. Ka tambaye shi ruwa: burtsatse nawa ke aiki, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta, yaya ake yi? Nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka? Ka tambaye shi wuta: awa nawa ake samu, akwai sola a azuzuwa da daddare ko kowa da fitilarsa? Wane layin waya ne ke da sabis a cikin makaranta? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, domin rijista da duba sakamako da karɓar kuɗi daga gida duk ta waya ne.

Ka tambayi nisan makarantar da gari. Yawancin sababbin jami'o'in nan a bayan gari aka gina su, wasu kuma wuri biyu gare su, na wucin gadi da na dindindin, sai ka ga ɗalibi na kwana a nan, lakca a can. Kuɗin adaidaita ko acaɓa na kullum, in ka tara shi wata huɗu, yana iya wuce kuɗin ɗaki. Ka duba asibitin makaranta, ka tambayi inda ake kai wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsu.

Sai tsaro. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga sun shiga gidajen haya na ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka kwashi ɗalibai, yawancinsu mata. Bayan 'yan makonni aka sace wasu ɗalibai mata na Dutsin-Ma, su ma a gidan haya a wajen makaranta. Ban kawo wannan don in ɓata wata makaranta ba, ɗalibai na karatu a can har gobe. Na kawo ne don ka lura da inda abin ya faru: a wajen makaranta. Don haka tambayar ɗakin kwana na cikin makaranta ba ta jin daɗi ba ce kawai. Ki tambaya, ƙanwata, ko ana ba 'yan aji ɗaya fifiko a gado, ko ɗakunan mata na da katanga da masu gadi, da ƙarfe nawa ake rufe ƙofa. Ki tafi da babanki ko yayanki su gani da idonsu. Iyaye da yawa da ke cewa 'yarsu ba za ta yi karatu a wani gari ba, tsoron abin da ba su gani ba ne.

Hanyar zuwa ma abin dubawa ce: mota nawa za ka shiga daga gida, kuma ana bin hanyar da yamma?

Lissafin kuɗi

Ka zauna da wanda zai ɗauki nauyinka ku yi lissafin shekara huɗu, ko biyar in injiniya ne ko lauya ko aikin gona, ko shida in likitanci ne. Kuɗin rijista shi ne wanda kowa ke gani, musamman tun 2023 da makarantu da yawa suka ƙara. Amma abin da ke cinye ɗalibi shi ne na yau da kullum: abinci, gas, ruwa, data, hoton takardu, kuɗin mota. A nan ƙaramin gari ke da sauƙi. Hayar ɗaki ba ta kai ta birni ba, ranar kasuwa kuma hatsi da kayan miya na araha. Ɗalibin Wudil ya san Juma'a, ɗan Aliero ba ya kukan albasa, ɗan Gashuwa ba ya rasa kifi.

Tun 2024 akwai asusun lamunin karatu na tarayya, NELFUND, ga ɗaliban makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata na guzuri. Biyan bashin na farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne, ba kyauta ba, amma ya fi barin karatu. Ka kuma yi rijista da hukumar tallafin karatu ta jiharku, sai dai kada ka ɗora tukunya a kan wannan kuɗin, ba ya zuwa ranar da aka ce.

Ka kuma sa yajin aiki a lissafi. A 2022 malaman jami'o'i sun yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai gidan haya ba ya yajin aiki.

Rijista da karɓar gurbi

Wannan ba shi da wuya, sai dai kulawa. Ana farawa da lambar NIN: ka tura kalmar NIN da lambarka zuwa 55019 ko 66019 ta layin wayarka, a turo maka lambar da za ka sayi fom da ita. Layin ya zama naka na kanka, kuma ka riƙe shi har ka gama jami'a. Sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a NIN da WAEC da JAMB. In Muhammad ne a nan, Mohammed a can, ka gyara tun yanzu. A cibiyar da JAMB ta amince da ita kaɗai za ka yi rijista, kuma kafin ka dangwala yatsa ka karanta abin da aka cike a allon kwamfuta layi-layi.

Bayan jarrabawa, ka ɗora sakamakon sakandarenka a shafin JAMB, ka yi rijistar tantancewa ta makarantar da ka zaɓa. Tun 2017 duk gurbi ta CAPS yake bi, wato tsarin bayar da gurbi da ke shafin JAMB. In an ba ka, za ka gani a can, ka danna karɓa, ka fitar da takardar shaida. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da hanya, ko zai ƙara maka maki, ɗan damfara ne. Gurbin da bai bi ta CAPS ba kuwa, ranar tafiya bautar ƙasa za ka san ka sayi wahala da kuɗinka.

Makon farko

Ka je da wuri. Gado a cikin makaranta na wanda ya riga biya ne. Ka tafi da asalin takardunka da kwafi kamar goma-goma, har da takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma, da ƙananan hotuna masu yawa, duka a jakar leda. Kuɗin makaranta ka biya da kanka ta Remita, wato manhajar biyan kuɗi ta intanet, ko yadda makarantar ta tsara, ka adana rasit. A shekararmu wani abokina ya ba wani ɗalibi da ya ce zai taimaka masa kuɗinsa, sai ana gab da jarrabawa aka gano rasit ɗin na bogi ne.

Ka nemi malamin da ke kula da ajinku a sashe kafin ka cike kwasa-kwasan zango. Shi zai sa hannu, shi ya san wanne ne dole, wanne ne zaɓi. Ka kuma shiga zauren WhatsApp na ajinku tun ranar farko, domin a can za a ce an mayar da lakcar ƙarfe goma zuwa takwas.

Kayan tafiya: katifa ƙarama, gidan sauro, bokiti biyu, jarka, ƙaramin gas ko risho gwargwadon dokar ɗakin kwana, kwaɗo mai kyau, fitila mai caji, da batirin ajiya na waya. Daga gida kuma garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, shinkafa da wake, man gyaɗa. Lokacin da mahaifiyata ke ɗura mini yaji a gwangwanin madara ina ta cewa ya isa haka, kunya nake ji a gan ni da shi. Mako uku da zuwa, da kuɗi suka ƙare, wannan gwangwanin ne ya riƙe mu mu huɗu a kan garau-garau. Ku haɗa tukunya da mutum biyu ko uku da kuka yarda da su, ku raba kwanakin girki da ɗiban ruwa. Gas ɗaya, lokaci ɗaya, kuma babu mai kwana da yunwa ranar da nasa ya yanke.

Kowa ya san kowa

Wannan shi ne babban bambancin ƙaramar makaranta da babba, kuma takobi ne mai kaifi biyu.

A manyan jami'o'i, ɗan aji ɗaya na iya shiga ɗakin lakca ya tarar da ɗaruruwan mutane, wasu a kan taga, malami na magana da lasifika, ya gama shekara babu malamin da ya san fuskarsa. A sashenmu, bayan kwasa-kwasan gama-gari na aji ɗaya, ba mu cika aji guda ba. Mako na uku wani malami ya tsaya a tsakiyar darasi ya ce, "Ina wannan dogon mai zama bakin taga? Jiya ma ban gan shi ba." Ni ne, zazzaɓi nake yi. Da na dawo ya kira ni ofis ya maimaita mini abin da ya wuce ni cikin minti ashirin. Wannan malamin ne ya duba mini aikin binciken ƙarshe, shi ne kuma ya rubuta mini takardar shaida lokacin da na nemi digiri na biyu, kuma ya rubuta ne a kan mutumin da ya sani.

Wannan damar ita ce jarinka, ka yi amfani da ita. Zauna a gaba. Yi tambaya. Je ofis da tambayar karatu a lokacin da malami ya ware, ba da roƙon maki ba, ba kuma da gulmar 'yan aji ba. Muƙamai ma na kusa da hannu: wakilin aji, ƙungiyar sashe, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko ta Kirista, ƙungiyar 'yan jiharku. Wanda a babbar makaranta zai ɓace cikin taro, a nan yana iya shirya taro, ya riƙe asusu, ya tsaya gaban mutane ya yi jawabi. Amma ɗaya ko biyu sun isa. Na ga waɗanda siyasar ɗalibai ta cinye, sun san kowa a makaranta ban da littafinsu.

Ɗaya kaifin kuma shi ne babu wurin ɓuya. In ka yi faɗa da abokin ɗakinka da safe, kafin azahar mai sayar da ruwan sanyi ya ji. In ka tsaya da yarinya sau biyu a ƙarƙashin darbejiya ɗaya, an ɗaura muku aure a bakin mutane. In ka yi wa malami rashin kunya a aji ɗaya, shi za ka sake tararwa a aji biyu da uku da huɗu, domin malaman sashen ba su da yawa, babu inda za ka kauce. Sunan da ka yi a zangon farko shi zai bi ka har ka fita. Don haka ka yi jinkirin zaɓen abokai, ka yi wata guda kana kallo. Ke kuma ƙanwata, in wani malami ko ma'aikaci ya fara yi miki maganar da ba ta karatu ba, kada ki yi shiru don gudun surutu. Ki adana saƙonninsa, ki daina zuwa ofishinsa ke kaɗai, ki faɗa wa malama macen da kika yarda da ita ko ofishin kula da harkokin ɗalibai, ki kuma faɗa a gida.

Mutanen gari ma suna cikin lissafin. A ƙaramin gari kai baƙo ne a gidan wani. Ka gaishe da dattawan unguwa, ka san mai unguwa in haya kake yi, ka yi sallah a masallacin layinku, ka rage ƙarar kiɗa, ka sa tufafin da ba za a bi ka da kallo ba. Ranar da ɓarawo ya shigo ko ciwo ya kama ka da tsakar dare, maƙwabcin nan da kake gaisarwa ne zai fito da babur ɗinsa.

Maki: aji ɗaya shi ne tushe

Ga yadda lissafin yake a yawancin jami'o'i. Maki 70 zuwa sama A ne, yana da daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B, 4. Daga 50 zuwa 59 C, 3. Daga 45 zuwa 49 D, 2. Daga 40 zuwa 44 E, 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, sifiri, sai ka maimaita kwas ɗin, abin da ɗalibai ke kira kariyoba. Kowane kwas na da nauyinsa, wani 1, wani 2, wani 3. Ana ninka daraja da nauyi, a tara, a raba da jimillar nauyin.

A ce kwas biyar ka ɗauka. Mai nauyi 3 ka ci A, 15 ke nan. Wani mai nauyi 3 ka ci C, 9. Mai nauyi 2 ka ci B, 8. Mai nauyi 1 ka ci A, 5. Wani mai nauyi 2 kuma ka faɗi, sifiri. Jimilla 37, a raba da 11, ya ba ka 3.36. Da wannan kwas ɗin da ka faɗi C kawai ka samu, da 43 ne a raba da 11, wato 3.91. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40. Ka ga kwas ɗaya mai nauyi 2, irin na gama-gari da ɗalibai ke rainawa, ya sauko da kai daga wani mataki zuwa wani. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Kuma da yake maki tarawa ake yi, na aji ɗaya ya fi saurin ɗagawa ko kayarwa. In ka kai aji uku, nauyin da ka tara ya yi yawa, ko ka ci A a komai da ƙyar allurar ke motsawa. Gwaje-gwajen cikin zango na ɗauke da maki 30 ko 40 cikin ɗari, kada ka yi wasa da su. Makarantu da yawa kuma na sharɗanta halartar kashi 75 na darasi kafin a shiga jarrabawa, kuma a ajin da malami ya san kowa, babu mai sa maka hannu a takardar halarta. Ka nemi tsofaffin tambayoyin jarrabawa wurin 'yan gaba da ku, ka halarci bitar da suke yi wa ƙannensu da yamma. Karatun kwana ana gobe jarrabawa ba ya maye gurbin awa biyu a kullum. Satar amsa kuwa hukuncinta na kaiwa ga kora, kuma mai sa ido a ɗakin ya san sunanka.

Abin da za ka nemo a waje

Ƙaramin gari ba shi da kamfanoni, ba a cika shirya manyan taruka a cikinsa ba, ɗakin karatu ma wataƙila littattafansa ba su da yawa. Wannan giɓin kai za ka cike shi. In kwas ɗinka na da zangon koyon aiki na SIWES, kada ka kai takardarka ofishin da za a sa maka hannu kana kwance a gida. Ka nemi wuri a Kano ko Kaduna ko Abuja inda za a sa ka aiki na gaske, ko da za ka raɓa a gidan ɗan uwa, kuma ka fara nema tun zango guda kafin lokacin. Dogon hutu ka koyi abu ɗaya da hannunka, kwamfuta ko ɗinki ko gyaran waya ko haɗa sola. A makaranta ma irin wannan na kawo kuɗin cefane: a ɗakinmu akwai mai aski, layi ake yi masa ranar Alhamis da yamma.

Kafin ka shiga ajin ƙarshe, ka buɗe shafin JAMB ka duba jerin ɗaliban da ta tabbatar da shigarsu, ka ga sunanka na ciki, da makarantar da kwas ɗin da kake karantawa a zahiri. In an canza maka kwas bayan ka shiga, a gyara a can ma. Ka je wurin jami'in jarrabawa na sashe ku bi sakamakonka zango-zango, domin makin da ya ɓace a aji biyu ya fi sauƙin nemowa tun malamin da ya koyar da kwas ɗin yana nan. Ka kuma tuna wanda ya haura shekara 30 ranar kammalawa takardar yafewa ake ba shi maimakon bautar ƙasa, don haka in ka riga ka yi shekara biyu ko uku a gida kamar ni, ka sa wannan a lissafi ranar da za ka cike fom na gaba.